Ranar da kwamfutar 'yar farina ta ƙi tashi

Ni dai ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, a wajenmu kuwa mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta ƙura masa ido, balle ta yabe shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ta girma a ɗakin da ke jikin nawa, bango ɗaya ne tsakaninmu. Yaya take ce mini, yadda ƙannen maigidan suke faɗa. Ni kuwa in maganarta ta taso sai in ce waccan, ko yarinyar nan, kowa a gidan ya san wadda nake nufi. In ina da saƙo gare ta, ta bakin Gwaggo yake bi, wato ƙanwar maigidan da ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta. Ko da muna zaune mu uku a tabarma ɗaya, haka ake yi.

Tun da ba na kallonta, sai na koyi jin ta. Na san takunta in ta dawo da murna, na san shi in an ɓata mata rai a hanya. Na san tarin da take yi in tana son ta ce wani abu ta fasa. Kunnena kuwa tun ina yarinya ake maganarsa. Daga sautin taɓarya nake gane ko gero ake daka a maƙwabta ko dawa.

Karatun kwamfuta ta yi a Kano. Da ta gama ta dawo gida tana jiran aiki, ta zo da wata tsohuwar kwamfuta irin ta kan tebur, akwatin ƙarfe mai nauyi da allonsa daban, wai wani ofis ne ya yi gwanjonta. Aka ɗora farantan sola biyu a kan kwanon ɗakin marigayiya kakarta, aka ajiye batir a ƙarƙashin tebur. Da ita take buga wa mutane takardu, tana cike wa ɗalibai fom, matan unguwa kuma suna kawo wayoyi caji. Ni ban taɓa shiga na tsaya a kanta ba, amma kullum da hantsi ta bango nake jin tashin na'urar, har na haddace shi. Da farko ƙit, ta danna maɓalli. Fanka ta ɗauka. Sai ƙara ɗaya siririya, ɗiit. Sai wani gunji can ƙasa-ƙasa yana hawa har ya daidaita, wannan shi ne diski, inda ake ajiye komai, haka na ji tana gaya wa Gwaggo. Sai ya yi ƙarar tono sau uku, kamar kaza a gindin rumbu. Ya ɗan yi shiru kamar numfashi guda. Daga nan sai ya zubo da wata doguwar ƙara, shaaa, kamar ana zuba gero a faifai. In na ji wannan na san ta tashi, sai in ji an ja kujera.

A cikin akwatin nan muryar Tsoho take, surukina ke nan, kakanta. Shekara guda kafin ya rasu ya ce ta ɗauko wayarta ta biyo shi. Ya zaga da ita gonakin gidan kaf, yana tafe da sanda yana faɗin iyakar kowa, tana naɗa. Ku da ba ku san ƙasarmu ba, nan babu daji. Gona na jikin gona, daga nan har Ɗambatta da ƙyar ka ga inda garma ba ta taɓa ba, taku biyu ma abin magana ne. Tsoho ya raba wa 'ya'yansa maza biyu wurin nomansu tun yana da ƙarfi, maigidan da ƙaninsa, wanda yara ke kira Baffa. Ya kuma gindaya mata sharaɗi, ya ce kada kowa ya ji muryar nan sai in 'ya'yan biyu suna zaune, ga mai unguwa. Ta riƙe wannan magana da kyau. Wayar daga baya ta suɓuce mata ta faɗa rijiya, sai ya zama kwafin da ke cikin kwamfutar shi kaɗai ya rage a duniya.

Bayan rasuwarsa wuta ta ci layin gambar da ke tsakanin gonakin biyu, garin ƙona kara. Sai magana ta tashi a kan wani ɗan zirin ƙasa mai bishiyar ɗorawa a tsakiya. Maigidan ya ce nasa ne, Baffa ya ce nasa ne. Ba su yi faɗa ba, amma gaisuwarsu ta gajarce, ni na ji ta tana gajarcewa. Ɗorawar nan kuwa ni ke cinta. Fiye da shekara ashirin ni ke tattara ta duk bazara, in fitar da kalwa, in dafa, in yi daddawar da har daga wasu unguwanni ake aikowa saye. Mai unguwa ya sa ranar Alhamis bayan la'asar a zo a saurari Tsoho, a gama magana kafin ruwan shuka ya sauka.

Ranar Litinin da safe na ji ba a ja kujera an fara buga takardu ba, sai wani irin gurnani da fanka ta kama, ba sassautawa. Ina bakin murhu Gwaggo ta leƙa ɗakin.

Ta ce, "Ke, yau jirgi za ki tayar ne?"

Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Kanel nake haɗawa, Gwaggo."

"Mene ne kuma kanel? Ana ci?"

"Kin san sarkin noma a wajen gayya? Shi ya san kowa, shi ke cewa kai kama nan, ke kawo ruwa can. To kanel haka yake a cikin kwamfuta. Shi ya san yaren allo, ya san na diski, ya san na kibod, shi ke tashin kowa. Na aro lasifika don muryar Tsoho ta fito sosai ran Alhamis, shi kuma wanda ke ciki bai san yarenta ba. Shi ne nake haɗa sabo da hannuna."

"Yo ba sayensa ake yi ba?"

"Irin namu kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa. Tambayoyi yake jero miki, dubbai, kina son kaza, ba kya son kaza. Na sa masa lasifikar, na kuma zubar da tarkacen da tsohuwar nan ba ta da su, don ta yi sauƙi ta rage shan batir."

"Tsohon kanel ɗin fa?"

Nan na ji wannan ɗan tarin nata. Ta ce, "Wurin zamansu ƙarami ne, ya cika. Na share shi."

Gwaggo ba ta ga komai a ciki ba, ta fito tana cewa yaran zamani har sarki suke naɗawa su tuɓe. Haka fankar nan ta wuni tana gurnani, ga zafin bazara, har la'asar sakaliya. Da ta gama, yarinyar ta kashe ta kunna don sabon ya kama aiki. Ƙit, fanka, ɗiit. Kafin a je ko'ina na'urar da ke jikin batir ta yi fito, komai ya ɗauke ɗif. Wunin aikin nan ya shanye wutar, rana kuma ta yi ƙasa.

Talata da hantsi ta kunna. Ina tankaɗe a tsakar gida na dakata. Ƙit, fanka, ɗiit, gunji, tono uku. Shiru. Na jira zubar geron nan, ba ta zo ba. Ba a ja kujera ba. Ta kashe, ta daɗe, ta sake kunnawa sau ɗaya, haka dai. Gwaggo da ta shiga ta ce allon baƙi ne da fararen rubutu ya tsaya cak, wasu 'yan fitilu biyu a kan kibod suna ƙyaftawa tare kamar idon mai zazzaɓi. Rubutun wai cewa yake bai ga inda kayan suke ba.

Magana a ƙauye ba ta kwana. Masu kawo caji suka fita da ita, kafin azahar sai ga Baffa ya yi sallama ya shigo har tsakar gida. Ya gaishe ni a tsaye.

Ya ce, "Na ji wai injin ya mutu."

Ta fito ta durƙusa ta ce, "Bai mutu ba tukuna, Baffa. Tashi ya ƙi yi."

"Ikon Allah. Shekara nawa yana aiki garau, sai da ya ga Alhamis ta matso. Ashe shi ma ya san kwanaki."

Gwaggo ta ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Ni me na ce? Yaba masa nake yi. Injin gidan nan ne, abincin gidan nan yake ci, dole ya san inda zai kare."

Ya juya ya fita yana karkaɗe hula. Ba a yi ihu ba, amma kowa ya gane. Ana nufin ta kashe muryar kakanta da gangan don gonar ta zauna a hannun ubanta. Maigidan da ya ji, sai ya ɗauki buta ya tafi masallaci tun lokaci bai yi ba.

Ranar yarinyar ba ta ci abincin rana ba, na ji kwanon yadda aka ajiye shi da nauyinsa. Wajen la'asar muna zaune a inuwar rumbu ina ɓarar gyaɗa, ta fito ta zauna kusa da Gwaggo, ta baya gare ni kaɗan, yadda muka saba.

Ta ce, "Gwaggo, abu biyu ne, ban san wanne ba. Ko dai ni na yi kuskure a tambayoyin nan, ko kuma ɗaukewar wutar jiya ta taɓa diskin. Diskin ya tsufa, da ma lallaɓa shi nake yi. In shi ne ke mutuwa, duk kunnawar da na yi ina rage masa kwana ne, yana iya tafiya da muryar gaba ɗaya. Shi ya sa na tsaya."

"Masu gyara fa?"

"Na kira wani. Ya ce in kawo a yi mata fomatin, a wanke ta tas a zuba sabo."

"To a wanke mana."

"Da muryar Tsoho za a wanke, Gwaggo."

Gwaggo ta yi salati ta kama baki.

Ni kuwa akwai abin da na sani tun safe, ina ta juya shi. Bara waccan wani diskin ya taɓa mutuwa mata, kafin ta sa wannan, kuma na ji mutuwarsa ta bango. Wancan ƙwas, ƙwas, ƙwas yake yi, kamar mai buga zobe a jikin tire, gunjinsa ya hau ya faɗi, ya hau ya faɗi. Na yau ba haka ya yi ba.

Akwai kuma abu na biyu da na sani, shi ne ya sa na daɗe ban buɗe baki ba. Tun ranar da ta dawo daga zagayen gona da Tsoho, yarinyar nan ba ta ƙara ambatar ɗorawa ba. Da, ita ce mai zuwa ta tsaya kan tukunyar kalwa tana cewa wari ya hana ta karatu. Bayan ranar, in na shigo da buhun ɗorawa sai in ji takunta ya koma ɗaki. Ba ta gaya wa kowa komai ba, amanar Tsoho ce. Amma ni na ji shirun. Na san bishiyar ba tamu ba ce. Ba zan ɓoye ba, na zauna da gyaɗa a hannu ina tunanin in na yi shiru injin nan zai iya zama a mace har ruwa ya sauka, a yi shuka yadda aka saba, bishiyata tana nan. Sai na ji ta yi ajiyar zuciya, irin wadda take yi tun tana ƙarama in an ce ta ɗauki abin da ba ta ɗauka ba.

Na dubi kwanon gyaɗa na ce, "Gwaggon yara, ki ce wa waccan abin nan da ke gunji lafiyarsa ƙalau."

Gwaggo ta ce, "Ga ta nan ai, ta ji ki."

"Ki dai gaya mata. Ki ce gunjinsa ya hau ya zauna daidai, bai yi rawa ba. Tonon farko ma ya yi, sau uku, kamar kullum. Bayan nan ne da ake jin shaaa, yau ba a ji ba, amma yana nan yana juyawa har ta kashe. Na bara waccan da ya mutu ƙwas-ƙwas yake yi. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Ni a jina, kamar mai jira ne a kira shi, ba a kira ba."

Sai na ji tabarma ta motsa. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, abin da ba ta yi.

Ta ce, "Yaya, kin tabbata? Sau ukun nan kin ji su yau? Duka biyun da na kunna?"

Na ce, "Gwaggon yara, ki ce mata ban fara kurumcewa ba tukuna."

Gwaggo ta fashe da dariya ta ce ita kam ta gaji da aikin dillanci babu la'ada. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Tana ta magana da kanta a hankali, tana ƙirga da yatsu. Tono ukun nan, in ji ta, lokacin ne ake ɗauko kanel daga cikin diskin, ke nan diskin ya ba da shi lafiya. Sai da sabon ya karɓi aiki aka yi shiru. Ta dafe kai ta ce, "Innalillahi. Yaren diskin na cire. Na naɗa sarkin noma wanda bai san hanyar rumbu ba. Tsoro ne ya rufe mini ido." Ta tashi ta ɗauko kwanon abincin nan da ya huce ta cinye shi tas a tsaye.

Laraba da sassafe ta bi motar Ɗambatta, wajen wata ƙawarta da suka yi karatu tare mai shagon kwamfuta. Kafin azahar ta dawo da wani ɗan abu kamar yatsa, filas suke ce masa. Ta bayyana wa Gwaggo cewa a cikinsa akwai wani cikakken kanel na aro, wanda zai tashi na'urar daga waje ba tare da ya taɓa komai na ciki ba. Ta roƙi matan unguwa kowa ta zo ta ɗauki wayarta, yau babu caji, wutar duka ta aiki ce. Aka yi ta gunaguni a ƙofar ɗaki, wata ma ta ce da ma wayarta ta fi injin amfani tun da ita tana tashi.

Na dawo da tsintar wake jikin bangon, wai inuwa ta fi a nan. Ƙit, fanka, ɗiit, sai na ji tana dukan maɓalli ɗaya da sauri-sauri. Aka daɗe. Can sai diskin ya yi wani ɗan gajeren shaa, na ji ta ce alhamdulillahi har sau uku. Komai yana nan. Abin da ta fara yi, ba gyara ba, muryar Tsoho ta kwafa a ɗan kati irin wanda ake sawa a waya, ta sake kwafa a wani katin, ta kuma sa a filas ɗin.

Gwaggo ta ce, "To ai shi ke nan, an gama. Gobe ki sa katin a waya a ji."

Ta ce, "A'a, Gwaggo. Baffa zai ce kati kowa na iya zuba abin da ya ga dama. Daga inda aka ajiye ta nake so ta fito, da ranar da aka ajiye ta a rubuce a jikinta, a gabansa, injin ya tashi da ƙafarsa."

Abin da ta yi daga nan ban gan shi ba, ji na yi, da kuma abin da take faɗa wa Gwaggo. Ta ce ta tsaya a cikin na aron ta zura jiki cikin nata gidan, kamar wanda ƙofa ta kulle masa ya shiga ta ɗakin maƙwabci ya zare sakata daga ciki. Ta buɗe jerin tambayoyin nan tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi gaggawa ba. Ina jin maɓalli ɗaya, tak, shiru, tak, shiru, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Har na gama wakena na ɗauko wani aikin tana nan. Sai na ji ta ce, "Ga ka nan." Layi ɗaya ne tak, inda ya kamata ta ce e ta ce a'a. Ta gyara. Ba ta tsaya nan ba, ta share wasu tarkace ta samar da wuri, ta mayar da irin tsohon kanel ɗin da ta share, wanda ƙawarta ta sa mata a filas, ta ce daga yau biyu za su zauna, in sabo ya ƙi a koma wa tsoho. Sannan fanka ta kama gurnaninta na Litinin.

Wannan karon tana zaune tana duban batir. Da aikin ya ƙare rana ta yi sanyi, Gwaggo ta ce ta gwada mana mu gani. Ta ce a'a, ba za ta maimaita na shekaranjiya ba, sai gobe in rana ta cika batir. Ta kashe da hannunta, ta rufa masa zane. Wannan haƙurin nata ya fi komai burge ni. Ni da ba nawa ba ma da ƙyar na iya jira.

Alhamis da hantsi ban ma yi kamar ina wani aiki ba, na tsaya jikin bango da ludayi a hannu. Ƙit. Fanka. Ɗiit. Gunji ya hau ya zauna. Tono ɗaya, biyu, uku. Shirun nan na numfashi guda ya yi mini tsawo ƙwarai. Sai shaaa, geron ya zubo, ya yi ta zuba.

Na ce, "Gwaggon yara, ta tashi."

Gwaggo da ke cikin ɗakin ta ce, "Ina? Allon baƙi ne har yanzu." Kafin ta rufe baki ya yi haske, ta rangaɗa guɗa har akuya ta tsinke igiya.

Bayan la'asar aka ɗauki akwatin da allonsa da lasifikar aka kai zaure, aka ja doguwar waya daga batir. Mai unguwa ya zo da dattawa biyu, ga maigidan, ga Baffa. Mu mata muna bayan bangon zaure. Ta kunna a gabansu tun daga ƙit, ta nuna wa Baffa ranar da ke jikin muryar, wani daga cikin dattawan ya karanta da ƙarfi. Sai ga Tsoho.

Na ɗauka na shirya. Ban shirya ba. Ga ƙarar sandarsa a busasshiyar ƙasa, ga numfashinsa, ga kurciya can nesa. Yana cewa, "Ke amaryata, riƙe abin nan da kyau, kada ki naɗi iska ki bar mijinki." Ga muryarta tana cewa, "Wa zai auri mai haƙori uku?" Ya ce, "Huɗu ne, ƙirga da kyau." Dattawan zaure suka yi dariya, Gwaggo kuma tana kuka a kafaɗata.

Ya bi gonakin ɗaya bayan ɗaya har ya iso wurin. Ya ce daga tsohuwar rijiyar da aka cike, a miƙe gabas zuwa dutsen da ya binne da hannunsa, wanda ya tona taku uku kudu da ɗorawa zai same shi. Ɗorawa da abin da ke arewa da dutsen na ƙaramin ne. Sai ya ƙara da cewa, "Matar babban ce ke tattara ta, na sani, ni na ƙyale ta, don daddawarta ta fi ta kowa. Amma bishiya ta ƙaramin ce. A gaya musu haka."

Na ji maigidan ya gyara murya ya ce ya ji, ya yarda, Allah ya jiƙan Baba. Mai unguwa ya ce gobe da safe a je a tono dutsen a dasa sabuwar gamba. Sai can Baffa ya kira yarinyar.

Ya ce, "Ke. Ashe kin san abin da ke ciki?"

Ta ce, "Ni na riƙe wayar, Baffa."

"Kika kwana uku kina wahalar tashinsa?"

"Ni na kwantar da shi ai."

Sai na ji ya jawo hularsa ya sake sawa, ya ce a yi addu'a. Da aka watse ya shigo tsakar gida, wannan karon ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce ɗorawar bana in tattara abina tun da na riga na fara. Na ce na gode, na tattara. Daga shekarar da ta biyo baya matarsa ke tattarawa. Takan aiko mini da kalwa tiya biyu, ni kuma in aika mata da daddawa, don tata har yau ba ta nuna yadda ya kamata, gaggawar buɗewa take yi.

Da yammar ranar, kafin magariba, ina kwashe tuwo na ji takunta ya nufo ni kai tsaye, bai bi ta wajen Gwaggo ba. Ta durƙusa ta ajiye ɗan katin nan guda a gefen tabarmata, a naɗe cikin takarda.

Ta ce, "Yaya, ki ajiye mini wannan. Kuma ki yi haƙuri da bishiyar."

Ina da magana cike da baki. Na so in ce mata a duk garin nan ban ga mai gaskiyarta ba, na so in ce tun tana rarrafe nake sauraronta ta bango ban taɓa jin abin da ya kunyata ni ba. Na ɗauki katin na ƙulle a bakin zane, na ce wa tukunya a ce wa mutane su zo su ɗauki tuwo kafin ya huce. Sai dai malmalar da na sa mata ta fi ta ubanta girma, miyar kuma na zuba mata daddawa ba awo. Gwaggo ta gani ta ce, "Yau kuma dillaliya ba ta da aiki ke nan?" Na ce ta ci abincinta.

Katin yana cikin gwangwanin da nake ajiye 'yan kunnena. Yarinyar yanzu tana aiki a Kano, ta yi sabuwar kwamfuta ƙarama mai naɗewa wadda ba ta da wata ƙara ko kaɗan, ban san yadda ake gane lafiyarta ba. Tsohuwar tana nan a ɗakin kakarta. Kafin ta tafi ta nuna wa Gwaggo maɓallin kunnawa da yadda ake kashewa, da ƙarfi ta yi bayanin, tana fuskantar bangona. Duk Juma'a da hantsi in rana ta cika batir nakan shiga in ɗaga zanen in danna, in tsaya har geron ya zubo. In ta bugo waya da yamma, Gwaggo ke ɗauka, ni kuma ina gefe ina cewa a gaya mata tono uku ne, gunjin bai yi rawa ba.